Tabulet a bakin fili: shin na'ura za ta raba gardamar wasannin makarantunmu?



Da an koma lakkwal a watan Oktoba, girbi ya kammala, sanyi ya fara shigowa, sai hankalin samari ya koma fili. Aji ya kara da aji, kwaleji da kwaleji, lise da lise, har zuwa Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, inda ɗalibai ke gwada ƙwanji tsakanin sassa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili ya san cewa ba ƙwallo kaɗai ake bugawa ba. Akwai wasa na biyu da ake yi kewaye da teburin alƙali, kan takardar sunaye. Wannan ya ce mai tsaron gidan can ba ɗan makarantar ba ne, wancan ya ce mai lamba tara ya girmi malaminsa, wani kuma ya rantse cewa an ba yaron jan kati a wasan da ya wuce amma takardar ta yi ɓatan dabo. Sau da yawa a nan ne zumunci ke lalacewa, gasa ta watse tun ba a kai ga kofi ba.

Yanzu da waya ta shiga hannun kusan kowane saurayi, tambaya na tasowa: me zai hana a bar takarda a koma ga tabulet, wato kwamfutar hannun nan mai faɗi kamar allo? Tambayar ta shafi ƴan bida kai tsaye, don in an tashi sayen riguna, ƙwallo ko kofi, su ake fara bugo ma waya, kuma in maganar na'ura ta taso, su ɗin dai za a nema. Shi ya sa munka ga ya dace mu zauna mu auna abin, mu ga inda yake da amfani da inda zai zama asarar kuɗi.

Inda tsarin ya fito

Wasanni tsakanin ɗaliban makaranta guda tsohon abu ne a Amurka. Tun 1913 jami'o'in Mishigan da jihar Ohayo sunka buɗe ofis na musamman don shirya su. A manyan jami'o'in can, ɗalibai dubbai ne ke shiga irin wannan gasa kowace shekara, ana buga wasanni da dama a dare guda a filaye daban-daban. Shekara da shekaru sun yi ta fama da tarin takardu: ta sunaye, ta sakamako, ta wanda ya ji rauni, da wadda ɗalibi ke sa hannu cewa ya yarda da sharuɗɗan wasa. Daga baya jami'o'i da yawa sunka koma ga manhajoji irin su IMLeagues. Ɗalibi ya rubuta kansa ta intanet, ranar wasa ya nuna katinsa na makaranta, mai kula da fili ya duba a na'ura ya ga ko yana da izinin bugawa, in an tashi a shigar da sakamako nan take.

Abin lura shi ne, na'urar ta tarar da gida a shirye. Kowane ɗalibi na da lamba da kati mai hoto, jami'a na da rajistar da ba a gardama a kanta, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ya kai har bakin fili. Ciwonsu yawan takarda ne da ɓata lokacin ma'aikata. Mu kuwa ciwonmu daban ne, kuma maganin da ya warkar da wani ba lalle ne ya warkar da kai ba.

Ciwon da ke damunmu

Babbar matsalarmu ita ce sanin wane ne ke cikin fili, kuma shekarunsa nawa. Wannan matsala ta taɓa jawo ma ƙasarmu kunya a idon duniya. A 2009, a gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 da anka yi a Aljeriya, Mena ta kai matakin kusa da na ƙarshe, abin da ke nufin ta samu tikitin zuwa gasar duniya. Sai anka kore ta saboda sa ɗan wasan da shekarunsa sunka wuce ƙa'ida, Malawi ta maye gurbinta. Guminsu duka ya tafi a banza kan takardar mutum guda.

A wannan shekarar ce kuma hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce 17, a gasar duniya da anka yi a Najeriya. Bayan shekara bakwai reshe ya juye da mujiya. A watan Agusta na 2016, ana gab da karawa tsakanin Najeriya da Nijar a wasan neman gurbi, ƴan wasan Najeriya 26 sunka faɗi wannan gwaji. Najeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni a lokacin, ta ci 1 da 0 a Abuja, Mena ta rama da 3 da 1 a Yamai ta fitar da ita. Daga nan hanya ta buɗe har yaranmu sunka je Indiya a 2017, karo na farko da Nijar ta buga wata gasar duniya ta FIFA, sunka doke Koriya ta Arewa da 1 da 0, sunka kai zagaye na biyu kafin Gana ta tsayar da su. Daga baya ma Kamaru ta sallami ƴan wasa 21 cikin 30 kan wannan dalili.

Za ku ce ina ruwan filin kwalejin ƙauye da waɗannan manyan labarai? Ai daga nan ake farawa. Malamin da ya ɗauko ƙato ɗan shekara 20 ya sa shi cikin yara ƴan 15 don a ci kofi, ya koya ma aji guda cewa maguɗi hanya ce. Yaron da ya kamata ya buga ya zauna a benci, wataƙila shi ne mai baiwar, ya gaji ya bar ƙwallo. Ga kuma haɗarin rauni in ƙaramin yaro ya yi karo da wanda ƙashinsa ya ƙosa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ciwo na biyu shi ne mantuwa. Kowa a Adar ya san cewa a Tawa anka fara gasar kokowa ta neman takobi a 1975, kuma Kantu na Maradi ne ya ɗauka. An san wannan don hukuma ta rubuta, rediyo ta yaɗa, makaɗa sun riƙe. To amma wa zai iya faɗa mana ajin da ya ci gasar kwalejinsu shekara goma da sunka wuce, ko yaron da ya fi cin ƙwallo? Kayen da anka rubuta a ciki gara ta ci, ko ruwan damina ya jiƙa shi, ko malamin da ke riƙe da shi an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da shi cikin kaya. Yaro mai baiwa ba shi da wata shaidar da zai nuna ma kulob a Tawa ko Yamai, sai bakin mutane.

Mu yi lissafi da kanmu

Hujjar farko da masu son na'ura ke kawowa ita ce za a huta da kuɗin takarda. Mu gwada. A ce gasa ce mai ƙungiya 16, kowace da ƴan wasa 18, sunaye 288 ke nan. In an raba su rukuni huɗu, za a buga wasa 24 a zagayen farko, sannan wasa 8 daga nan zuwa ƙarshe har da na neman matsayi na uku, jimilla 32. Ko da kowane wasa ya ci shafi biyu, an haɗa da jerin sunayen ƙungiyoyi kwafi bibbiyu, abin bai wuce shafi ɗari ba. In ana fotokofi a kan dala biyar zuwa dala goma shafi guda, duka gasar ba za ta ci fiye da jika biyar ba. Tabulet mafi araha kuwa ta ninka wannan sau da yawa, ban da riga mai kare ta, da caji, da kuɗin intanet, da gyara in gilashi ya fashe.

Ashe ke nan in don tsimin takarda ne, lissafin bai fita ba. Sai dai a nemi wata hujjar, kuma akwai ta.

Abin da na'ura ke iyawa da gaske

Takarda na ɗauke da suna, amma ba ta ɗauke da fuska. Suna guda na iya hawa kan mutum uku a gasa ɗaya, musamman a ƙasar da Abdu Ibrahim da Musa Isa sunka yi yawa. In an ɗauki hoton kowane ɗan wasa tun kafin a fara, an haɗa shi da sunansa, sunan mahaifi, aji, lambar rajistar makaranta da ranar haifuwa, to ranar wasa alƙali zai dubi fuska ya dubi hoto, kyaftin na ɗaya ɓangaren shi ma ya duba. Ɗan haya ba shi da ƙofar shiga. Wannan shi ne amfani mafi girma, kuma gani ya kori ji.

Na biyu, na'ura ba ta manta kati. Wanda ya tara katin gargaɗi biyu ko ya samu ja, sunansa zai fito da alama a wasa na gaba, ba sai an yi ta rantse-rantse ba. Na uku, teburin maki na fita da kansa, ba a jiran sakatare ya dawo daga kasuwa. Na huɗu, sakamakon na iya isa Abijan kafin ƴan wasa su cire takalmi, wanda ya aiko da kuɗin kofi ya ga inda kuɗinsa ya tafi. Na biyar, in an adana kwafi a wuri fiye da ɗaya, tarihin gasa ya tsira daga gara da ruwa.

Kuma ba dole sai da intanet a bakin fili ba. Mutanen ƙauyukanmu sun sha ganin ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya suna zagayawa gida-gida da waya ko tabulet suna rubuta sunaye. Da yawansu manhajoji ne irin su KoboCollect da ODK suke amfani da su, waɗanda ke aiki ba tare da rezo ba, sai an dawo inda ake samu sannan a tura. Ana sauke su kyauta, kuma suna aiki a wayar Android ta yau da kullum. A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani: in wayar da ke aljihun malamin wasanni na iya yin aikin, me ya kawo maganar sayen sabuwar na'ura?

Tushen maganar: takardar haifuwa

Duk da haka akwai iyakar da na'ura ba ta wucewa. Abin da ka zuba mata shi take riƙewa. In an shigar da ƙarya, za ta adana ƙaryar da kyau, ta fito da ita a tsabtace da hoto, har ta fi ta takarda wuyar ƙaryatawa, don mutane na ganin abin da ya fito daga kwamfuta ba ya kuskure.

Shekarun yaro ba daga na'ura suke fitowa ba, daga takardar haifuwa suke fitowa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kimanin kashi 64 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne anka yi ma rajistar haifuwa a Nijar, kuma karkara ce ke baya. Yaran wancan lokaci su ne ke cikin kwaleji da lise a yau. Da yawa ba su samu takarda ba sai da jarrabawa ta matso, anka je gaban alƙali anka yi musu takardar maye gurbi, da shekarar da anka ƙiyasta. Iyayenmu da dama takardunsu na ɗauke da rubutun nan na Faransanci mai nufin an haife shi wajajen shekara kaza. Kuma kowa ya san akan rage ma yaro shekara ɗaya ko biyu don kada ya wuce ƙa'idar makaranta. Ba don ƙwallo anka yi ba, amma a fili ake ganin sakamakon.

Mun ga misalin wannan a babban aiki na ƙasa. Kafin zaɓen 2020, hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajistar masu zaɓe da na'urori masu ɗaukar hoto da zanen yatsa, ta rubuta mutum sama da miliyan 7 da dubu 400. Amma kafin na'urorin su iso, sai da alƙalai sunka fita ƙauyuka suna zaman bayar da takardun haifuwa ga waɗanda ba su da su. Wato ko gwamnati da kuɗinta sai da ta fara gyara takarda kafin ta kunna na'ura. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haifuwar jariri. Uban da ya je cibiyar rajista ko ofishin magajin gari cikin wannan wa'adi, ya yi ma gasar makarantu ta shekara goma sha biyar masu zuwa aikin da babu tabulet ɗin da za ta yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A jami'a abin ya fi sauƙi. Jami'ar Tawa, wadda anka kafa a 2010 tare da ta Maradi da ta Damagaram, kuma take ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar, tana da rajistar ɗalibai da lambobinsu. A can ba maganar shekaru ake ba, maganar ita ce ko mutum ɗalibi ne na bana, kuma na wane sashe. Wannan tambaya ce da rajista ke amsawa kai tsaye. Ga wuta, ga rezo, ga ɗalibai masu ilimin kwamfuta. In akwai wurin da ya dace a fara gwada barin takarda a jihar nan, to can ne, sannan manyan lise na cikin gari, kafin a zo ƙauye.

Wuta, rezo da zafin Adar

Na'ura na cin wuta kamar yadda doki ke cin dawa. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a gida, kuma mafi yawansu a birane suke. Ko masu ita sun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 anka maido ta. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, da anka ƙaddamar a 2018, ta taimaka, amma ba ta kai ga kowane ƙauye ba. Makarantar da ba ta da faifan sola, wurin mai cajin waya na kasuwa za ta dinga kai na'urarta, ta biya kamar kowa.

Rezo kuma kowa ya san halinsa. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom duk suna aiki, amma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya sananniya kafin saƙo ya fita. Duk tsarin da ke buƙatar intanet a lokacin wasa bai dace da mu ba tun daga farko.

Sai zafi. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an ƙera iPad don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. A Tawa kuwa, watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a tsakiyar fili. Na'ura in ta yi zafi takan rage haske ko ta kashe kanta, batir ya riƙa lalacewa da wuri. Lokacin sanyi kuma ga ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa. Kaye da bik ba su san wannan ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu biyan kuɗin wannan darasi. Ƙasar Peru ta raba ma ƴan firamare ƙananan kwamfutoci sama da dubu 800, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. A birnin Los Anjeles, shirin ba kowane ɗalibi iPad da anka fara a 2013, mai kuɗi sama da dala biliyan ɗaya ta Amurka, ya rushe cikin shekara biyu. A wuraren biyu an sayi kaya kafin a shirya mutanen da za su yi aiki da su.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Akwai wata tambaya da ta fi wuta da rezo nauyi. Takardar wasa, duk da rauninta, kyaftin biyu da alƙali ke sa mata hannu a gaban jama'a. In an goge suna, wurin gugar na nunawa. Na'ura kuwa mutum ɗaya ne ke da lambar sirrinta. In shi ɗin ɗan wani ɓangare ne, zai iya canza hoto ko ranar haifuwa da dare, gari ya waye babu alama. A yankin da manya masu iya karatu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mayar da komai cikin akwatin da mutum ɗaya ke buɗewa na iya ƙara zargi maimakon rage shi. Dattijon da ke iya kiran jikansa ya karanta masa jerin sunayen da anka manna a bango, ba shi da yadda zai yi da abin da ke cikin na'urar wani.

Sannan hotuna da sunayen yara amana ce. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Hoton yaro da ranar haifuwarsa da sunan makarantarsa ba abin watsawa ba ne a kowane rukunin WhatsApp. Abin ya fi tsanani ga ƴan mata. Uban da da ƙyar ya yarda ɗiyarsa ta shiga gudu ko ƙwallon hannu, in ya ji hotonta na yawo a wayoyin samari, ranar ce ta ƙarshe da za ta taka fili, wataƙila har da ƙannenta. Dole a nemi yardar iyaye, a faɗa musu wa zai ga hoton, kuma yaushe za a goge shi.

A ƙarshe, ina bayanan ke kwana? In wata ƙungiya ce ta kawo na'urar da manhajarta, ranar da aikinta ya ƙare rajistar na iya tafiya da ita. Mun ga yadda ayyuka da dama sunka tsaya cak bayan Yulin 2023, lokacin da wasu masu ba da tallafi sunka dakatar da kuɗinsu. Makarantar da ba ta riƙe kwafin rajistarta a hannunta ba, aro take yi.

Abin da muke gani ya dace

A ganinmu, barin takarda gaba ɗaya bai dace da filayen Kalfu, Barmu, Afala ko Bambai a yau ba. Abin da ya dace shi ne a raba aiki tsakanin waya da takarda, kowace ta yi abin da ta fi iyawa.

Kafin gasa da mako biyu, kwamiti ya zauna da rajistar makaranta da takardun haifuwa, wakilin kowace ƙungiya na wurin, a ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya guda. A rufe rajista a ranar da anka tsayar, ba ƙari ba ragi. A buga jerin sunayen a manna a bangon makaranta, a ba kowace ƙungiya kwafi, a bar kwana bakwai ga mai ƙorafi ya kawo ƙorafinsa kafin a buga wasan farko. Gardamar da anka yi a zaune cikin inuwa ta fi wadda za a yi a fili jini na tafasa. Ranar wasa a duba fuska da hoto a waya, amma sakamako da katuna a rubuta a takarda, kyaftin biyu da alƙali su sa hannu, sannan a ɗauki hoton takardar a tura ma kowane ɓangare. Kwafin rajista ya kasance a hannu uku: shugaban makaranta, kwamitin iyaye da malamai, da wakilin ɗalibai. In gasa ta ƙare a buga komai a ɗinke a ajiye a ofis.

Ga ƴan uwa da ke bida, in an bugo muku waya ana neman kuɗin tabulet, kada ku ce a'a, kada kuma ku ruga wurin Nita ko Amana. Ku tambaya tukuna: wa zai riƙe ta, ina za a yi cajinta, wa zai gyara in ta lalace, kuma wane aiki za ta yi da wayar malami ba ta iyawa? In amsar ba ta gamsar ba, kuɗin na da wuraren da sunka fi buƙatarsa: ƙaramin faifan sola da batir ga makaranta, wanda zai yi caji ya kuma haska aji da dare lokacin shirin jarrabawa, akwatin magani na bakin fili, ƙwallaye da raga, ladan alƙalan wasa don kada su dogara da kyautar wani ɓangare. Fiye da duka, ku tambayi gida ko ƴaƴanku da ƙannenku na da takardar haifuwa, in babu ku ɗauki nauyin zuwa a yi.

Ga hukumomin komin da masu kula da makarantu, zaman alƙalai na bayar da takardun haifuwa a ƙauyuka ya fi kowace na'ura amfani ga wasanni, ga jarrabawa, ga katin ɗan ƙasa. Ga ɗaliban jami'ar Tawa masu karatun kwamfuta da gudanarwa kuma, ga aikin da ke jiranku a ƙofar gida: ku gwada tsarin a gasarku, ku ga inda yake tuntuɓe, ku sauƙaƙa shi, sannan ku kawo ma ƙannenku na karkara abin da anka riga anka gwada a zafin Adar.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman malaman wasanni, alƙalai, iyaye da shugabannin samari da sunka taɓa shirya gasa. Ku faɗa mana yadda kuke tantance ƴan wasa a garinku, da abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, za mu karanta a shirinmu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya maido ƴan bida gida lafiya.